Fukafukan Kaza

Mu bakwai Baba ya haifa, amma ni kaɗai ya koya wa taurari. Na faɗi wannan tun farko don a san abin da aka taɓa mini. Gonata ba ta fi ta kowa ba, karatun boko ban yi mai nisa ba, koyarwar firamaren da na yi shekaru ina yi ma ban taɓa wuce aji huɗu ba. Abin da nake da shi wanda 'yan'uwana ba su da shi, shi ne zaman da muke yi da Baba a bayan gida bayan sallar isha'i, mu biyu a kan tabarma ɗaya, muna kallon sama.

Baba malamin allo ne kuma manomi, a wani ƙauye da ba shi da nisa da Zakirai, inda gonar wannan ke jingine da katangar wancan. A wajen mahaifinsa ya gaji lissafin taurarin shekara, kowanne da kwanakinsa. In bazara ta yi nisa sai ka ga mutane a zaurenmu suna tambaya, "Malam, a wane tauraro muke? A yi shuka ko a dakata?" Kafin ya ba da amsa sai ya ce tauraro ba ya kawo ruwa, Allah ke kawowa, shi alama ce kawai. Cikin dukkan taurarin, wadda ya fi so ita ce Kaza da 'ya'yanta, 'yar dunƙulen nan ta ƙananan taurari da littattafansa ke kira Surayya. Da kaka takan fito ta kan tsamiyar bayan gidanmu jim kaɗan bayan isha'i.

Da idon Baba ya fara rauni muka kai shi asibiti a birni, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara. Ganin ya riƙa tsukewa a hankali, har ya zama sai abu mai haske ya zo dab da fuskarsa yake gane shi. Taurari su suka fara tafiya. Daga nan na zama idonsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin muƙamin. Kullum in mun zauna sai ya ce, "Ta fito?" In ce, "Ta fito, Baba, tana kan tsamiya." Ya ce, "'Ya'ya nawa ka ƙirga?" In ce shida. Sai ya yi 'yar dariya ya ce shi a shekaruna bakwai yake gani, mutanen yanzu idonsu na shayi ne. Shekara biyar muna wannan hirar, ba ta taɓa gundurata ba.

Sai autanmu ya zo da bututunsa.

Na girme shi da shekara goma sha tara, a bayana ya yi wayo. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a birni, gidansa na Rijiyar Zaki. Yana yaro ko sau ɗaya bai taɓa zama da mu a kan tabarmar nan ba, da an idar da isha'i yake bingirewa da barci, tuwo a hannu. Shi ne wata Juma'a a ƙarshen damina ya sauko daga mota da akwatuna uku, ya ce madubin hangen nesa ne, zai riƙa ɗaukar hoton taurari. Wai a birni fitilu sun cinye sama, ko ina ka juya ja-ja kake gani, nan gida kuwa duhunmu mai kyau ne. Ban taɓa jin an yabi ƙauye da duhu ba sai ran nan.

Ya kafa abin a bayan gida, tsakanin rumbu da tsamiya: farin bututu kamar tsawon hannu, a kan ƙafa uku na ƙarfe. Kafin gari ya waye maƙwabta sun raɗa masa suna igwar Auta. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ko leƙa cikinsa ba ya yi. Kyamara ya ɗaura a gindin, ya jawo waya zuwa kwamfuta, ya jawo wata daga batirin solar gida, bututun kuma yana juyawa da kansa a hankali yana bin tauraro. Na ce masa, "Yanzu kai duk wahalar nan, sama ba za ka kalla ba, sai allo?"

Ya ce, "Yaya, abin da nake nema ido ba ya ganinsa. Haskensa ya yi kaɗan. Sai an ɗauki hoto ɗari ko fiye, kowanne na minti biyu ko uku, sannan kwamfuta ta haɗa su wuri ɗaya. Tara haske ake yi."

Na nuna masa wani tauraro da ko matan gidanmu sun san shi, na ce wannan fa, wane ne? Sai ya zaro waya daga aljihu ya ɗaga ta sama yana dubawa. Na koma ɗaki raina fes. Na ce wa matata mutumin da sai ya tambayi waya sunan tauraro, ai ba abin tsoro ba ne. Ta ce, "Da ma tsoronsa kake ji?" Na yi kamar ban ji ta ba.

Zuwansa na uku ne abin ya canza. Da hantsi, bayan an watse daga karatu, ya shiga ɗakin Baba da kwamfutarsa, ya saki labule, ya ƙure hasken allon. Ina zaune a bakin ƙofa ina gyaran igiyar guga. Na ji ya ce, "Baba, matso da fuskarka, ga Kaza." Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sannan ya ɗaga yatsa ya fara ƙirga a fili. Ya wuce shida, ya wuce bakwai, ya wuce ashirin. A wajen arba'in da wani abu ya rikice, sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta a bakinsa tun Inna tana da rai.

Ya juyo wajen da yake jin motsina ya ce, "Kai, zo ka gani. Ashe ƙarya muke yi wa kazar nan, ni da kai. Shida! Baiwar Allah ta cika gida da 'ya'ya muna cewa shida."

Wasa yake yi, na sani. Har kansa ya saka a ciki. Amma maganar ta yi mini zafi. Na leƙa allon sama-sama na ce, "Ma sha Allah," na koma kan igiyata, na yi ta ƙulla ƙullin da ba a buƙata.

Daga ranar lissafin Baba ya koma na kwanakin mako. Da safe zai ce, "Yau Laraba ko Alhamis?" In na faɗa masa sai ya ce saura kwana kaza Auta ya zo. Duk wanda ya shigo zaure gaisuwa sai ya sha labarin hoton. A masallaci wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "An ce kazarku ta yi ƙyanƙyasa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, haƙora kawai. Da dare muna nan muna zama a kan tabarma, yana nan yana tambayata ko ta fito, amma in na ce shida sai ya ce, "Shidan da idonka ya iya." Ni na kai shi asibiti sau ba adadi, ni nake ɗiga masa magani safe da yamma, ni nake riƙe hannunsa zuwa masallaci. Wanda ke zuwa da yammacin Juma'a ya tafi ran Lahadi kuwa, shi ya mayar masa da sama. Kishi na ji, tsagwaronsa, irin wanda nake yi wa yara faɗa a kansa a aji.

Matata ta gane tun kafin ni in yarda. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, mutum da furfurarsa yana kishi da bututu." Na ce mata ta ji da garinta. Ta ce garinta lafiya lau yake.

A wancan zuwan na uku ne kuma Auta ya yi maganar fukafukai. Ya ce hoton da ya nuna na gaggawa ne, na 'yan mintoci. In aka tara hasken dare uku, akwai wani shuɗin hayaƙi da ke lulluɓe da taurarin, ya bazu gefe da gefe. Baba ya gyara zama ya ce, "Kana nufin fukafukai gare ta? Ta rufe 'ya'yanta?" Auta ya ce kusan haka. Baba ya ce shekara saba'in yana kallonta, bai taɓa ganin ko gashi ɗaya ba. Auta ya ce ai akwai hotunan da wasu suka ɗauka a ƙasashen waje, bari ya buɗe masa a waya yanzu. Baba ya ture hannunsa.

Ya ce, "Wannan kazar mutane ce. Ni tawa nake so, mai fitowa ta kan tsamiyata. Ka ɗauko min ita daga nan."

Suka tsayar da magana a kan ƙarshen wata, lokacin duhu, don hasken farin wata ma ɓata aikin yake yi. Gajimaren damina ya tafi, sama ta wanku, kuma duk mun san ba za ta daɗe a haka ba. Auta ya nemi hutun kwana ɗaya a makaranta don ya sami dare uku cif. Ni kuma na san wani abin da ban faɗa wa Auta ba: a 'yan makonnin nan Baba ya fara laluben ƙofar da ya saba shiga kai tsaye.

Ana saura kwana biyu ya zo na tafi kasuwa na sayo fitilar sola, irin mai farin haske da ke kamawa da kanta in duhu ya yi. Ina da hujja. An sace akuyar wani maƙwabcinmu, ko da yake an fi wata biyu da yin haka. Na kafa dogon itace a jikin rumbu na ɗaure ta a sama. Garken awakinmu yana yamma da rumbun. Na tsaya a kan tsani da fitilar a hannu, na dubi garke, na dubi wajen tsamiya, sannan na juya fuskarta gabas na ɗaure tamau. Ba kuskure na yi ba, kuma ba Shaiɗan ne ya riƙe mini tsanin ba.

Ran Juma'a bayan magariba Auta ya same ni a zaure ni kaɗai. Ya durƙusa kamar yadda ya saba ya ce, "Yaya, don Allah fitilar nan, ko za a kashe ta na kwana ukun nan?"

Na ce ba ta da makunni, kuma ɓarayi sun dame mu.

Ya ce, "Ai ina waje har asuba, Yaya. Ni zan yi gadin awakin. Ko buhu ne a rufa mata."

Gaskiyarsa ta fi ƙarfina, shi ya sa na harzuƙa. Na ce, "Gidan nan ni nake kwana a cikinsa kullum. Kai baƙon Juma'a ne. Ba za ka zo ka tsara mini inda zan sa fitila ba."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya. Allah ya huci zuciyarka." Da ya yi mini rashin kunya da na fi jin daɗi.

Daren farko ya kewaye bututun da zana, amma hasken ya bi ta sama ya wanke hotunan, suka fito fari-fari kamar an zuba musu koko. Dare na biyu ya kwashi kayan a ka zuwa gonar gyaɗa da aka riga aka cire, can bayan dawar maƙwabta. A can babu wayar da zai jawo daga gida, ɗan batirinsa bai yi awa biyu ba ya mutu, raɓa kuma ta jiƙe gilashin. Dare na uku ya sake gwadawa a gonar, abin da ya samo bai taka kara ya karya ba. Da zai tafi ya shiga wajen Baba, ina jinsa ya ce raɓa ce ta ɓata aikin, sai wani watan in Allah ya kai mu. Ko sunan fitila bai ambata ba.

A dararen nan uku ni da Baba muna kan tabarmarmu, kuma na samu abin da nake so, mu biyu ne ba na uku. Sai dai fitilar tana dukan idona. Da ya ce, "Ta fito?" na ɗaga kai ban ga komai a kan tsamiya ba sai ƙwari suna yawo cikin haske. Na san lokacinta ya yi, don haka na ce ta fito. Ya ce nawa na ƙirga, na ce shida. Bai yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "To," ya ci gaba da jan carbinsa.

Wata na gaba sama ta riga ta yi fari da hazon hunturu, ba ta sake washewa yadda Auta yake so ba har Kaza ta koma yamma ta ɓace. Ya zo sau biyu ya koma hannu rabbana. Kafin ruwan farko ya sauka, Baba ya daina gane fuskar kowa. Rana da inuwa kawai suka rage masa. Ban cire fitilar nan da wuri ba, don cire ta kamar amsa laifi ne. Sai da damina ta yi tsakiya, wata rana ba kowa a gida, na hau tsani na juya ta wajen garke. Matata ta gani da yamma, ta dube ni, ta wuce.

Da kaka ta zagayo Auta ya dawo da akwatunansa. Bai tambaye ni komai ba, ni da kaina na rufa wa fitilar buhu tun kafin ya sauke kaya. Ya samu darensa uku, sama garau. Ran Litinin da hantsi ya shiga ɗakin Baba, ya saki labule, ya ƙure hasken allo kamar bara. Ina bakin ƙofa, a wurin da na zauna wancan karon. Baba ya karɓi kwamfutar da hannu biyu ya kai ta fuskarsa, ya matsar da ita dama, ya matsar hagu, ya daɗe yana nema. Daga baya ya sauke ta a cinyarsa.

Ya ce, "Ina ganin akwai haske. Allah ya yi maka albarka. Miƙa wa yayanka, shi ne idona."

Shekara guda ina jiran in ji wannan kalmar a gaban Auta. Da ta zo, sai na ji kamar in nutse. Auta ya miƙo mini kwamfutar, ya ce zai je ya haɗa kaya, ya fita da sauri yana goge fuska da hannun riga.

Muka rage mu biyu. Baba ya ce in matso. Na matso. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Bara, a dararen nan, na daɗe ban ga tauraro ba, amma fitilarka na gan ta sarai. Ita kaɗai nake gani a duk bayan gidan. Awakinmu kuma a yamma suke kwana."

Na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce me ya sa bai ce in kashe ba, ai ya san ko tari ya yi zan hau tsanin nan.

Ya ce, "Na sani. Da na ce ka kashe, da ka kashe. Jira na yi ka kashe da kanka. Na ɗauka dare ɗaya zai ishe ka."

Bai ƙara komai a kai ba, ba faɗa, ba nasiha. Ya lalubo gwiwata ya dafa, ya ce, "To, duba ka faɗa min. Da gaske tana da su?"

Sai a lokacin na kalli hoton da kyau, karo na farko. Manyan taurarin na nan yadda na san su, a wuraren da Baba ya nuna mini da yatsa ina ɗan shekara takwas, ƙanana kuma sun cika ko'ina ba iyaka. Shuɗin yana nan, siriri-siriri kamar an taje shi, ya fi kauri a ƙasa, ya buɗe ya rufe su. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma a bayan gidanmu aka ɗauko shi. Na fara faɗa masa. Na ce shuɗi ne irin na rini in ya fara koɗewa. Na ce na dama ya fi na hagu faɗi. Yana gyaɗa kai, idonsa a buɗe yana kallon bango, yana cewa, "Ikon Allah. Sai kuma me?"

Da na gama ya ce, "'Ya'ya nawa ka ƙirga?"

Na ce, "Ba su ƙirguwa, Baba."

Ya ce, "Ni na kai arba'in da uku." Ya jingina da bango, ya ce in kira masa Auta kafin mota ta tashi.